Bayaraben da Ya Buɗe Mini Baki

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina kan babur, na kama hanyar Bafarawa, waya ta same ni. Malam Rasaki ya rasu.

Na kashe babur a bakin hanya, na daɗe zaune ban san abin da nike kallo ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, malaminmu ne a ajin farko na jami'a a Sakkwato, shi ya koya muna ilimin ƙasar noma. Bayaraben Ilori ne, amma in yana Hausa sai ka rantse a Sabon Birni anka yanke mishi cibi.

Ku da kunka san ni yanzu da surutu, ina tsayawa gaban manoma ina ta bayani har a gaji da ni, ba za ku yarda ba. Wata biyu na yi a jami'a ban ɗaga hannu ba ko sau guda. Layin baya, kai ƙasa. Ko sunana anka tambaya sai zufa, ina ganin kamar kowa zanen Gobirancin da ke fuskata yake kallo.

Shekarar ce kuma ruwa ya ɗauke gero na shirin fidda kai, gonarmu ta Turba ta bushe a tsaye. Sai na yanke shawara a raina: in anka yi hutu na koma gida, ba ni dawowa. Hujja ma na tanada, yayyena sun tafi ci-rani, Baba na buƙatar mutum kusa. Ba wanda zai zarge ni. Amma wallahi ba fari ne zai kore ni ba, tsoro ne.

Ranar farko da idonshi ya faɗa kan zanena sai ya tsai da lacca.

"Kai! Wa ya bar bawana ya shigo aji ba izinina?"

Kun san tsakanin Bagobiri da Bayarabe, wasa ne tun kaka da kakanni. A garinmu in Bayarabe ya yi maka tsiya ka kasa ramawa, har kakarka sai ta ji kunya. Ni ko na sunkuyar da kai.

Bai ƙyale ni ba. Ya miƙo mini littafinshi, wai ya san Bagobiri bai iya karatu, in riƙe in kalli hotuna. Ya kira ni ofis ya tura mini kwanon amala da barkono kamar wuta, wai in ɗanɗana abincin iyayen gidana. Sai daga baya na lura ranakun da ban karya ba ne yake kirana. Yadda ya gane, Allah masani.

Saura mako guda hutu, yana lacca kan fari, sai ya ce:

"Kun san abin da ya ƙone gero a Isa bana? Ba rashin ruwa ba ne, Gobirawa ne ba su iya noma ba. Mutum da hankalinshi ya zuba iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba!"

Shukar binne yake nufi. Sai na ga Baba duƙe da sungumi cikin rairayi mai zafi. Ban san sadda na miƙe ba.

Na ce Malam, daminarmu gajera ce. Muna rufe iri ne don ruwan farko ya iske shi a ƙasa, kwanakin da munka riga nan su ne tsakanin samu da rashi. Na faɗi zurfin ramin, na faɗi yadda ake ajiye wani irin a gefe ko da yayyafi zai yaudari tsiro ya ƙone. Bakina bai tsaya ba. Na ƙarasa da cewa, wanda ruwa ke zubar mishi ko bai roƙa ba, mi ya sani game da noma? Ku dai ku tsaya ga manja.

Aji ya kaure. Malam ya yi dariya har ya cire tabarau.

"Alhamdu lillahi, ashe yana da baki! Ku rubuta abin da ya faɗi, zai fito a jarrabawa."

Ashe shekaru ya yi yana bincike kan shukar binne, ya fi ni saninta nesa ba kusa ba.

Bayan hutu na dawo, na zauna layi na biyu.

Watan jiya na je duba shi asibiti. Na durƙusa na fara godiyar da na daɗe ina shiryawa, sai ya ɗaga hannu.

"Tashi, kada ka ɓata muna wasa. Ina ka taɓa jin Bagobiri ya gode ma Bayarabe?"

Na ce to ai ga shi nan ka rame, likita ya hana ka manja. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, yana riƙe da hannuna bai saki ba.

Ina alfahari da cewa ni ɗalibinshi ne. Duk manomin da ya taɓa amfana da maganata daga Turba har Alkalawa, da hannun wanga bawan Allah a ciki.

Ɗazu na kira Mama, mai ɗakinshi. Ta ce ya bar mini saƙo: in Bagobiri ya zo gaisuwa kada ya kuskura ya yi kuka, ya yi tsiyar da ya saba.

Gobe za ni tafi in Allah ya so. Tun safe nike neman abin da za ni faɗa, na rasa. Malam, wagga kam ka ci ni.

Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makoma, ya ba Mama da yara haƙuri. 'Yan uwa, don Allah duk wanda ya karanta ya saka Malam Rasaki cikin addu'a, musamman ku Gobirawa. Namu ne.