Miyar Mai Takaba

Sana'ata ta fari tuwo ce, a ƙofar kamfanin siminti na Malbaza, tun ban san wata rana zan riƙa loda buhunan albasa a mota ba. Mata ne jere a gindin itatuwa, kowace da tukunyarta da mutanenta. Ba a rubuta wurin kowa ba. Idan murhunki ya huce ya daɗe, wata za ta zo ta hura nata, kuma ba wanda zai ce ta yi laifi.

Babbarmu wata tsohuwa ce mai fura, muna ce mata Inna. Ba ta yi wa mutum dogon wa'azi. Takan ce mace mai sana'a ta ci abinci kafin ta yi fushi. Takan ce direba da yaro duk ɗaya ne, a ba su suna zaune.

Kusa da ni akwai wata mai tuwon dawa, uwar 'ya'ya ƙanana. Miyar kukarta tsululu ce, barkono ya yi mata yawa, amma direbobin manyan motoci sun saba da ita, suna ci suna tsiya. Da mijinta ya rasu, danginsa suka tafi da ita ƙauyensu wajen Illela ta yi takaba. Wurin nan shi ne abincin 'ya'yanta, ga mata da yawa sun sa masa ido.

Inna ta tara mu ta ce murhun ba zai mutu ba. Za mu riƙa dafawa bi da bi, a tukunyarta, a wurinta, abin da aka samu a sayi hatsi a aika mata.

Ranar da layi ya zo kaina, na taho da man shanu da gabu, wato dakakken ganyen albasa da muke busarwa. Na ce tunda taimako ne, a yi shi da kyau. Inna ta tare ni tun ban kunce ƙullin ba.

"Ke ɗiyata, ina za ki da wannan?"

"Miya zan gyara, Inna."

"Wa ya ce ki gyara? Riƙo anka ba ki. In kinka saba masu da man shanu, ran da ta komo wa za su bi, ke ko ita?"

Ta karɓe ƙullin ta tura ƙarƙashin tabarmarta, ta tsaya a kaina har na ƙara ruwa. Ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ce, "Yauwa. Ƙaro barkono."

Haka muka yi watannin nan. Ni da aka sani da miya mai kauri, na zauna ina zuba wa mutane tsululu. Wani direba ɗan Konni ya leƙa kwanonsa ya ce, "Uwar ɗaki, ina ganin fuskata a ciki. Ke ma makarantarta kinka yi?"

Na ce, "In ba ka so, ga tawa can gobe."

"A'a, nan muka saba. Ƙaro mani."

Mai takabar ta dawo bayan kaka, ta rame, da goyo a baya. Ta tarar da murhunta da toka mai ɗumi. Ta durƙusa ta fara hura wuta. Da azahar direbobi suka zo suka zazzauna inda suke zama, suka yi mata gaisuwar rashi, suka miƙa kwanoni. Wani a cikinsu ya tambaye ta ko a ƙauyen ma tsadar kuka ake yi. Ta yi dariya, karon farko tun isowarta, ta ce ya ci ya ba mutane wuri. Kafin la'asar tana kankare gindin tukunya.