Saurin Duniya da Shugaban Sashe Ya Manta Bai Cire Ba

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, ƙaninki ya kira ni a ofis ya ce kin cika, Malama.

Shekara goma sha ɗaya muna ɗaki guda a ƙarƙashin ƙaton farantin rediyon nan da muke sauraron sama da shi. Gajimare ɗaya kika sa a gaba, can cikin sararin samaniya, na iskar gas ta haidirojin mai zafi, inda ake haihuwar taurari. A gefensa akwai ɗigo-ɗigon tururin ruwa masu aiko da siginar rediyo mai ƙarfin gaske, da su kike auna inda gas ɗin ya nufa da saurinsa. Ranar da na goge awon wata uku da kuskure, shayi kika zuba mini, kika ce, "Ƙanena, sama ba ta gudu ba. Zauna mu sake."

Da ciwo ya kwantar da ke, shugaban sashenmu ya kwashe awonki daga kwamfuta ya buga a mujallar masana da sunansa shi kaɗai. A gadon asibiti kika karanta, kika juya fuska bango. Wallahi ban yafe ba, kuma ba ni da niyya.

Abin da bai sani ba, ke ba kya barin na'ura ta cire miki saurin tafiyar duniya daga cikin awo. Da hannu kike cirewa, a littafinki mai baƙin bango. Shi kuwa gogan ya ɗauki ɗanyen awo, ya shelanta wai ya gano gajimaren da ke matsowa yana ja da baya sau ɗaya duk shekara. Duniyar da yake tsaye a kai ce ke zagaya rana!

Mijinki ya damƙa mini littafin. Watan gobe shugaban zai yi jawabi a babban taron masana. A sahun gaba zan zauna, in ɗaga hannu, in karanta shafukanki da sunanki har a mayar miki da aikinki.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Mijinki, 'ya'yanki mata biyu da mahaifiyarki, Allah ya ba su haƙurin rashi. Shi kuma shugaban sashe, Allah ya ja kwanansa, ya kai shi watan gobe lafiya ƙalau.