Sun Wanke Saksofon Ɗin Babana da Toka

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Ummaru na Talata Mafara, Allah Ya jiƙansa. Ba kuka na zo yi ba, na gama kukana tuni. Haushi ne ya zaunar da ni rubutu.

Baba mabushin saksofon ne, ƙahon tagullar nan mai lanƙwasa da mutanenmu ke ce wa algaitar Turawa. Shi ne na uku da ya riƙe shi. Wani ɗan Gana ne ya zo da shi zamanin aikin dam, yana busa kiɗan jaz a kulob ɗin ma'aikata. Da zai koma gida ya bar wa Bitrus, direban katafila. Haƙoran Bitrus suka zube, ya miƙa wa Baba, wanda ya koya a hannunsa. Inda yatsun mutum ukun nan suke dannawa duk ya yi duhu. Baba kan nuna mini ya ce, "Nan babban yatsan Bitrus ne. Kar ki kuskura ki goge."

Da yana raye, me danginsa suke kiransa? Maroƙi, ɗan iska. Yayansa, Baffa Garba, ya hana shi busa a gida, sai dai ya hau keke ya bi hanyar Maradun, ya zauna gindin tsamiya yana busa wa shanun makiyaya. Ranar walimar Baffa da ya dawo daga Hajji, aka ce Baba ya zo, amma kada ya zauna cikin malamai. A kunnena aka faɗa.

Watan jiya wani ma'aikacin rediyo ya aiko cewa zai zo ya yi shiri kan tsofaffin masu jaz. Nan take Baffa ya tuna ya taɓa yin ƙane. Ya sa aka jawo akwatin saksofon daga ƙarƙashin gadon mahaifiyata, ko tambayarta ba a yi ba. Ya ga duhun, ya ce kunya ce baƙo ya ga dauɗa. Matan gida suka tsoma saksofon a baho, suka dirje shi da toka da lemun tsami kamar tasar jere, suka shanya a rana.

Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai 'yar fata da ke toshe iska. Baba da wani baduku ne suke zama su yanka su ɗaya-ɗaya daga fatar akuya. Duk sun jiƙe, sun ƙanƙance. Da baƙon ya zo, ya sa baki ya hura, ba abin da ya fito sai huci. Shatin yatsun nan kuwa babu ko ɗaya.

Washegari na hawo babur daga Bakura inda nake aure.

"Baffa, wa ya ce a wanke?"

"Ke ɗiyar ga, ba ko gaisuwa? Dubi ƙyalli! Ko ubanki bai taɓa gyara shi haka ba."

"Da yana raye ƙyamarsa kuke yi. Ya mutu kuma kun cire wa ƙahonsa murya."

Na rufe akwatin na ɗora a kai. Ya ce kayan gida ne, in na fita da shi kada in sake taka masa zaure, ko da Sallah.

Da Baba zai ga wannan, na san dariya zai yi, ya ce a bar su, ba su sani ba ne. Wannan haƙurin nasa ma haushi yake ba ni. Da shi suka samu damar taka shi shekara talatin, kuma ni ban gaje shi ba.

Me ya rage na Malam Ummaru? Ba wanda ya taɓa naɗar busarsa a kaset, ni kuma ban iya ba. Sai ƙaho mai ƙyalli da ba ya magana. An ce mini akwai mai gyara a Kaduna; zai iya sa sabbin fatu, yatsun dai sun tafi ke nan. Zan kai masa duk da haka, in kuma nemo mutum na huɗu da zai riƙe shi, ko daga ina yake.

Baffa, na ji sharaɗinka. Sallar bana a Bakura zan yi ta.