Gadon da ke cikin bas ɗin Baba Lawai

Har na bar aiki ban manta da safiyar da Baba Lawai ya kawo mana bas ɗinsa ba. Lokacin ina jami'in duba lafiyar motoci, an turo ni Batsari. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan kun san ƙa'ida: motar da aka sauya wa fasali ba ta hawa kwalta sai mun duba mun ba ta takarda.

Bas ɗin ta girme ni. Baba Lawai tsohon direba ne daga ƙauyen Babban Duhu, ya cire kujerun baya ya sa siririn gado, don kai marasa lafiyar ƙauyensu asibitin Katsina. Na duba birki, sitiyari, tayoyi da fitilu, duk lafiya lau, har na tsokane shi na ce tsohuwar motar ta fi shi ƙarfin gwiwa. Da na dafa gadon sai ya motsa. Ba a ɗaure shi ba.

Na ce, "Baba, wannan ba zai wuce ba. Ka taka birki da ƙarfi, majinyaci sai gaban mota. A yi masa walda."

Ya ce, "Yallaɓai, da gangan na bar shi. Mai ɗakina a hanyar nan ta cika, a bayan wata mota, an rasa yadda za a juya ta ta fuskanci alƙibla. In jiki ya yi tsanani, ina so na kusa da majinyaci su iya juya gadon."

"To ai sai ka tsaya ka juya motar."

"In na tsaya, na fidda rai ke nan. Gara su juya gado, ni ina ta gudu."

Wallahi tausayinsa ya kama ni. Amma sa hannu a kan gadon da ke yawo ganganci ne, hana takardar kuma ajiye motar ne ga damina ta ƙarato. Na kira ogana a waya. Ya ce doka cewa ta yi a ɗaure, sauran dabara tawa ce.

Muka wuce wurin mai walda. Ya kafa wa gadon ƙarfe guda a tsakiya wanda zai riƙa juyawa a kai, ya huda ramuka a ƙasan motar, ya yi sakata mai kauri. Ka zare, ka juya, ka mayar. Na sa aka taka birki ina kwance a kai. Ko gezau.

Da na miƙa masa takardar bai ko dube ta ba. Ya shiga baya, ya zare sakatar, ya juya gadon gabas a hankali, ya zauna a bakinsa ya daɗe. Muka ba shi wuri.

Tun ranar, in na ga abin da ya saɓa ƙa'ida a mota, sai na tambayi dalili kafin in ɗaga biro. Mutanenmu ba kasafai suke barin abu a kwance don sakaci ba. Wani lokacin akwai wanda suka rasa.