Hutun Oktoba na Anti Yashim

Shekara tara ke nan muna zaune gida ɗaya da Anti Yashim a Beltsville, nan Amirka, kuma shida daga cikinsu ni ce mai kai ta filin jirgi duk farkon Oktoba. Mutanen cocinmu Disamba suke zuwa gida, a ci Kirsimeti, a nuna sabon leshi. Ita kuwa sai Oktoba, watan da ko bikin suna ba a cika samu ba. A gidan kula da tsofaffi take aiki, kuma don ta tara waɗannan makonni uku sai ta karɓi aikin kowa na ranakun hutu, har da na Kirsimetin.

Akwatinta ma abin dariya ne. Ba turare, ba jakunkunan tsaraba. Malafa ce, takalmin roba, maganin sauro da man zafi na gwiwa. In ta dawo sai ka ga ta yi baƙi ƙirin, muryarta a dishe kamar wadda ta yi sati tana jan waƙa a taron mata zumunta. Ni Talatu ba na iya ganin abu in yi shiru. A dawowarta ta biyu, tun kafin mu fita daga wurin ajiye motoci, na ce, "Anti, ki gaya mini gaskiya, gida kike zuwa ko gidan yari?"

Ta yi dariya har ta yi tari. "Tsuntsaye nake kora," in ji ta.

Na ɗauka wasa take yi, ashe da gaske ne. Babanta yana da gonar shinkafa a fadamar ƙauyensu, can wajen Zonkwa. Idan shinkafa ta fara ɗaukar ido, tsuntsaye suna saukowa garke-garke, kuma dole wani ya zauna a kan 'yar rumfa mai tsayi daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, yana jan igiya mai gwangwanaye yana ihu. Aikin yara ne tun fil azal. Ita ta yi shi daga shekara bakwai zuwa sha huɗu. Kowace shekara, makaranta na buɗewa shinkafa na nuna, sai Baba ya ce littafi ba ya gudu amma tsuntsu ba ya jira. In ta koma aji, an yi mata nisa. Sau biyu ta maimaita aji huɗu. Sai da ta haifi 'ya'ya ta zauna jarrabawar sakandare, kuma har yau in za ta cika takarda a wurin aiki sai ta karanta sau uku, leɓɓanta na motsi.

Daga baya abubuwa sun canja a ƙauyen. Sabon hedimasta da dagaci suka haɗa kai, aka ce duk yaron da aka gani a fadama lokacin makaranta, ubansa zai amsa kira. Ajujuwa suka cika, abin farin ciki. Amma tsuntsaye ba su halarci taron ba. Wasu manoman suka bar shinkafa suka koma masara da citta, wasu kuma suka ci gaba da tura yaran a ɓoye. Baba ba mai barin shinkafa ba ne, irin da ya gada ne daga mahaifiyarsa. Kuma a gidan saura yarinya ɗaya tak, Constance, 'yar ƙanin Anti da ya rasu, tana aji uku a lokacin.

Na faɗi abin da kowa zai faɗa. "To ki aika kuɗi a ɗauki mutum mana."

"Na aika," ta ce. "Aka samu wani magidanci, ya karɓa, ya yi godiya. Da na sa aka leƙa gonar, ɗansa ne a kan rumfa. Na cire tawa daga rana na sa ɗan wani. Ke Talatu, wannan taimako ne?"

"To ki saya wa Baba shinkafar. Tikitinki kaɗai ya fi gonar gaba ɗaya."

"Na sani. Ki je ki gaya wa Baba ya ci shinkafar kanti, ni ban iya ba."

Haka aka yi shekara shida. Mace mai shekara hamsin da ɗoriya, mai takardar zama a Amirka, tana zaune a kan rumfa tana yi wa tsuntsaye ihu, matan ƙauye na wucewa suna cewa Amirka ta taɓa mata kai. Baba kansa bai taɓa ce mata sannu ba. Cewa yake yi wannan taurin kan na uwarta ne. Constance kuwa ba ta rasa kwana ɗaya na makaranta ba. Ina tsokanar Anti da cewa ita ce mai korar tsuntsu mafi tsada a duniya, amma gaskiya ina ƙaunarta saboda wannan wautar, kuma ban san wani wanda zan kwatanta ta da shi ba.

Bana gwiwar ta ƙi. Likita ya yi mata aiki a ƙarshen Satumba, ya ce ba jirgi ba tafiya. Ga shi Constance ta shiga shekarar jarrabawa. Anti ta kwanta a kujerar falo, ƙafa a kan matashi, abinci ma sai na yi faɗa take ci. Ta san Baba. Ta san shinkafa ta fara nuna, uwar yarinyar kuma ba ta iya musa wa suruki, ga nata aikin na kasuwa. Kullum sai ta ce, "Sati uku ne kawai za su ce. Ni ma sati uku aka ce."

Wata Talata da safe, ina haɗa mata shayi kafin in fita aiki, wayarta ta yi ƙara. Uwar Constance ce, kiran bidiyo. Can rana ta take tsaka. Anti ba ta ma gama gaisuwa ba ta ce, "Ina yarinyar?"

"Tana makaranta, Anti. Ga Baba zai yi magana."

Hoton ya girgiza, sai ga shinkafa, sai ga rumfa. Tsohon ne a kai, shekara tamanin da ɗaya, da malafar da Anti ta bari bara a kansa, igiya a naɗe a hannu. Ban san yadda aka yi ya hau ba.

"Baba, me kuke yi a can sama?" in ji Anti. "Za ku faɗo."

Ya share gumi da bakin rigarsa, ya daɗe yana kallon wayar. "Yashim," ya ce, "ashe haka ranar wurin nan take. Kwana biyar na yi, ko fitsari mutum ba ya samun sauka. Ke shekara nawa kika yi?"

"Bakwai, Baba."

"Bakwai," ya maimaita a hankali. "Kina ƙarama haka."

Ni na tsaya da cokali a hannu, idona ya cika. Sai muka ji kukan tsuntsaye ta wayar, Baba ya shiga jan igiya ba tsari, gwangwanaye na ƙara ta inda ba kowa. Anti ta gyara zama, hawaye na bin fuskarta, ta matso da wayar kusa da bakinta.

"Ta hagu za ku ja, Baba," ta ce. "Ta wajen rafi suke shigowa."