Oba-oban Baba Boukari

Moutari bai taɓa yarda akwai rediyon da zai gagare shi ba. A kasuwar Maradi ya tashi da sukundireba a bayan kunne, kuma ko bayan da ya zo Greensboro ta Amurka ya koma ɗaukar kwali a wani sito da ke Wendover, bai daina cika baki ba. Matarsa Houda takan ce da za a ba shi dama, da ya kwance firjinsu don kawai ya nuna mata zai iya mayarwa.

A shekarar 2003 ya ɗauko mahaifinsa, Baba Boukari, bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya karkata masa baki ya kashe hannun dama. Gidansu a hawa na biyu yake, tsoho kuwa ba ya iya hawa bene, sai aka kama masa ɗaki a ƙasa, a ginin da ke kallon nasu a High Point Road. Lambobin tarho sun fi ƙarfin yatsunsa. Moutari ya sayo rediyon oba-oba guda biyu, irin na roba mai maɓalli ɗaya, ya saita su a tasha ta bakwai. Baba ya danna, Houda ta ji daga kicin.

Tsohon dillalin shanu ne, bai san gajeriyar gaisuwa ba. In ya danna da safe sai ya tambayi kwana, da gajiya, da yara, da sanyi, har da motar Moutari, duk da harshensa mai nauyi. Abin da ba wanda ya gaya musu shi ne, tashar ba tasu ba ce su kaɗai. Ma'aikatan wani filin sayar da motoci da ke kusa su ma a kanta suke, kuma muddin Baba na riƙe da maɓalli, maganarsu ba ta fita sosai.

Da farko tsaki suka riƙa yi. Daga baya ɗaya daga cikinsu ya fara kwaikwayon muryar Baba, yana jan harshe, sauran na ƙyalƙyata dariya. Baba ba ya jin Turanci, amma wannan ba ya bukatar tafinta. Ya tura rediyon ƙarƙashin matashi. Houda ta riƙa tsallakawa tana samunsa zaune yana kallon bango, kokonsa ya huce.

Ran Moutari ya ɓaci ƙwarai. Ya rantse sai ya yi wa ubansa tasha tasa shi kaɗai. Ya kwance rediyon a kan tebur, ya tarar babu abin murɗawa, sai ɗan baƙin allo da aka liƙe. Ya koma kantin da ya saya. Mai kanti ya ce tashoshi goma sha huɗu ne, haka aka ƙera su, ba a ƙari, kuma kowa na da ikon hawa. Akwai wata lamba da za a sa, amma kunnenka kawai take toshewa, su suna jinka sarai. Ya ba shi shawara ya koma wata tashar.

“Ka canza cenel ɗin mana kawai,” in ji Houda da ya dawo. “Mu huta da fitina.”

“In na matsa yau, gobe wani ya kore mu daga can. Kuma Baba zai san gudu muka yi da shi.” Ya ture sukundireban gefe. “Bon. Tunda ta kowa ce, ai mu ma muna cikin kowa. Iskar ba ta uban wani ba ce.”

Ranar Juma'a bayan an sallame, ya tsaya a ƙofar masallaci yana tare mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya, yana roƙonsu su sayi oba-oba su riƙa gaida Baba a tasha ta bakwai. Wasu suka ce a bi a hankali, zamanin nan ba na ɗaga murya ba ne ga baƙo Musulmi. Moutari ya ce shi bai nemi kowa ya yi zagi ba, gaisuwa ce kawai, in kuma gaisuwa ta zama laifi to a zo a kama shi. Anti Dalila mai kitso, wadda ba ta taɓa barin magana ta kwana a cikinta ba, ita ta fara sayen nata. Sauran suka bi, wasu don Baba, wasu don tsoron bakin Anti Dalila.

Ranar Litinin da safe Moutari ya ciro rediyon daga ƙarƙashin matashi, ya ajiye a cinyar Baba, ya zauna gefe. Can sai murya ta fito daga rediyon.

“Salamu alaikum, Baba Boukari, Dalila ce. An tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?”

Baba ya kalli rediyon, bai taɓa ba. Sai Alhaji Seydou direban tasi ya hau tashar, sai Surajo daga Kano, kowa da tasa doguwar gaisuwar. Can sai ga muryar nan ta filin motoci, tana jan harshe kamar kullum.

Baba ya lalubi maɓallin da hannun hagu, ya danna da ƙarfi.

“Lafiya lau, Dalila. Ina gajiya?” Ya numfasa, bai saki ba. “Wancan kuma ɗan gidan wa ne? A gaya masa ya jira, ban gama gaisawa da mutanena ba.”