Darasin Kwatanci da Ya Karya Mini Hannu

A shekarata ta farko ta koyarwa aka tura ni wata lakwal, wato makaranta, ta sakandare a wani ƙauye na yankin Karofane. Daga Madawa na zo, ban san kowa ba, kuma na iso bayan an gama girbi. Ajina rumfa ce ta karan dawa, allo na jingine da dirka, ɗalibai na matsuwa uku-uku a kan teburan katako. Ingilishi nake koyarwa, harshen da yaran ba sa ji a ko'ina sai a bakina.

Darasin da na fi ɗokin yi shi ne na kwatanta yawa. Mu da Hausa ba mu da wahala: abu ya fi, ko bai kai ba. Ingilishi kuwa yana da fitina. In abu ya fi yawa, "more" ta isa. In bai kai ba, sai an duba ko ana ƙirga shi ko auna shi ake. Abin ƙirge "fewer", abin awo "less". In an yi daidai ma haka, "as many as" ga na ƙirge, "as much as" ga na awo.

Don su gani da ido, na taho da albasa cikin leda da gero cikin kwano. Na yi tsibi biyu na albasa a kan teburina, na zuba geron a faifai biyu. Na ce albasa ana ɗaukarta ɗaya bayan ɗaya, gero kuwa babu mai zama ya ƙirga shi. Abin ya shige su da wuri. Wata yarinya ta ce ashe nono "less" ne, amma ƙwaryar nonon "fewer". Na ji daɗi ƙwarai.

A layin gaba akwai samari biyu da suka fi sauran girma. Ɗaya ɗan makiyaya ne, dogo, marar magana, yana jin Fulatanci da Hausa, kuma shi ya fi kowa kama Ingilishi. Daga ruga yake zuwa, yakan ajiye sandarsa a bakin rumfa. Ɗayan ɗan wani manomi ne na cikin gari, kakkaura, mai son a yi dariya in ya yi magana. Na lura ba sa gaisawa, amma ban ɗauki abin da nauyi ba.

Na ce kowa ya kawo misali daga gidansu. Ɗan manomin ya ɗaga hannu, ya miƙe, ya juya ya fuskanci ɗan makiyayan.

Ya ce, "Your father has fewer cows than before." Wato shanun ubanka sun ragu, ba kamar da ba.

Na ce daidai ne, shanu abin ƙirge ne. Na tambaye shi ko zai iya da "as many as".

Bai ɗauke idonsa daga kan yaron ba. Ya ce, "He doesn't have as many fingers as my father." Wato yatsun ubanka ba su kai na ubana yawa ba.

Na ɗauka wasa ne irin nasa. Na ce jimlar ta yi, na juya zan rubuta ta a allo. A lokacin na ji ajin ya yi tsit, babu wanda ya yi dariya.

Daga baya na san abin da duk ajin ya sani. Kafin zuwana, shanun uban ɗan makiyayan sun shiga gonar wake ba a kwashe ba. Samarin gari suka fita da adduna, suka sassare jijiyoyin ƙafar shanun, suka bar su suna jan jiki. Mai shanun ya sa hannu ya kare wata saniya, adda ta tafi da yatsunsa. Yayan ɗan manomin ne ya yi saran. Manya sun sasanta, aka hana tada zancen, shi ya sa babu wanda ya faɗa wa baƙuwa.

Ina juyowa na ga ɗan makiyayan ya fita ya dawo da sandarsa. Bugun farko a kafaɗar ɗan manomin ya sauka, na ji ƙarar kamar an fasa ice. Ɗan manomin ya faɗa kan teburina, albasa ta watse, gero ya zube. Sandar ta sake tashi, wannan karon kai ta nufa. Na shiga tsakani na ɗaga hannuna na hagu. Ban ji zafi nan take ba, sai dai na ga hannun ya lanƙwashe a inda babu gaɓa.

Yaron ya tsaya yana kallon hannuna, sandar ta sauka ƙasa. A wannan tsayuwar ɗan manomin ya zaro kwampa, ƙarfen nan mai tsini na zana da'ira, ya caka masa a fuska kusa da ido. Jini ya tsarto har kan allo. Daga nan ajin ya rabu biyu. 'Yan ruga kaɗan ne, suka taru a kusurwa, 'yan gari suka yi kansu da katakon da suka ɓalle daga tebura. Wani ya jefo dutse daga waje ya sami wata yarinya a baki, na ga haƙorinta a ƙasa cikin gero. Aka tunkuɗe dirka, rabin rumfar ya rufto mana, ƙura ta cika wurin, ana ci gaba da duka ƙarƙashin kara.

Direktan lakwal, dattijo ne mai ciwon ƙafa, shi da malaman lissafi suka janye yaran ɗaya bayan ɗaya. Ya tura 'yan rugar cikin ofishinsa ya kulle, ya tsaya a bakin ƙofa. Kafin a jima mutanen gari sun iso da adduna, na ruga kuma sun ɓullo ta bayan tudu da sanduna da baka. Ina zaune a ƙasa, rungume da hannuna, na ji shi yana cewa, "Wanda duk ka son shiga ɗakin ga, ni za shi fara sara. Ku duba malamar ɗiyanku, ku ga abin da anka yi." Suka dube ni. Hakan ya riƙe su har motar jandarma ta iso.

Mota ɗaya ta kai mu asibitin mishan, ni da yaran biyu, jandarma na zaune tsakaninsu. Wani ma'aikacin jinya, Kirista ɗan yankin, ya riƙe ni yana yi mini magana a hankali aka ja ƙashin aka ɗaure. Ɗan manomin ƙashin wuyansa ne ya karye. Ɗan makiyayan an ɗinke shi, amma idon bai sake gani ba.

Ina kwance uwar ɗan makiyayan ta zo da fura cikin ƙwarya. Ta zauna a ƙasa kusa da gadona.

Ta ce, "Ɗiyata, ya ce in ce miki ba ke ya nufa ba."

Na ce, "Na sani, Inna. Yaya idon?"

Ta ce, "Sai haƙuri." Ta dama furar ta miƙo mini, ta jira na sha, sannan ta ɗauki ƙwaryarta.

An kori yaran biyu daga lakwal. Direkta ya roƙa a bar ɗan makiyayan ya koma wata makaranta, uban ya ce ya isa haka. Kafin a kwance mini ɗauri iyayensa sun kwashe rugarsu sun yi arewa, wajen Ibohamane. Ɗan manomin ya tafi ci-rani da rani, ban sake ganinsa ba.

Da na koma, na iske an ta da rumfar da sabon kara. Iyayen yara na gari ne suka yi aikin. Daga cikin 'yan ruga, mata biyu kawai suka dawo, suka zauna can baya kusa da ƙofa. Hannuna na rataye a wuya, wata ɗaliba ta riƙe mini allo don kada ya zame, na ci gaba da darasin daga inda muka tsaya.